Annoba ta ɗebi mutane, haraji bai ragu ba: labarin talakawan Ingila

Labarinmu na yau na wata ƙasa ce mai nisa, Ingila. Abin ya faru fiye da shekara 600 da suka wuce. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar mai gari da kuɗin lanho a hannu zai gane zancen.

A wancan zamani Ingila ƙasar manoma ce da makiyaya. Suna shuka alkama da sha'ir, suna kiwon tumaki masu gashi. Ƙasa kuwa tana hannun sarakai da manyan gidajen addinin Kirista. Talaka yana noma gonar da aka ba shi, yana biyan galla. Da yawa daga cikinsu kuma, kowane mako sai sun yi wa uban ƙasa aikin gandu ba lada. Irin waɗannan ba su da ikon barin ƙauye sai da izini. In mutum zai aurar da ɗiyarsa, sai ya biya uban ƙasa. In ya mutu, uban ƙasa ya zo ya zaɓi dabba mafi kyau a garkensa ya tafi da ita.

Kuɗinsu kuwa tsofaffinmu da suka yi fatauci zuwa Kano kafin 1973 sun san shi: fam, da sule, da kwabo. Kwabo 12 shi ne sule ɗaya. Sule 20 shi ne fam ɗaya. Ku riƙe wannan lissafi, za mu bukace shi nan gaba.

Zuwan ciwon

A watan Yuni na 1348 wani jirgin ruwa ya tsaya a wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Cikinsa akwai mara lafiya. Daga nan ciwo ya shiga ƙasa. Yana farawa da zazzaɓi mai zafi, sai kaluluwa ta fito a hammata, ko a wuya, ko a matsematsi. Kwana kaɗan mutum ya mutu. Kafin shekara ta ƙare ya kai Landan. A 1349 ya game ƙasa duka.

Mutanen lokacin ba su san dalilinsa ba. Waɗansu suka ce iska ce ta ɓaci. Sai a 1894 wani lokotoro mai suna Yersin ya gano ƙwayar cutar. Bayan haka aka gane cewa ƙuma ce take ɗauko ta daga jikin ɓeraye ta sa wa mutane. A yau tana da magani in an je likita da wuri. A 1348 kuwa babu komi.

Masana tarihi sun ce tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabin mutanen Ingila suka mutu cikin shekara ɗaya da rabi. Ciwon bai bar gidan sarauta ba. Ɗiyar sarki Edward na Uku ta mutu a kan hanyarta ta zuwa gidan miji. Babban limamin Kirista na ƙasar ya mutu, aka naɗa wani, shi ma ya mutu cikin shekarar. Hatsi ya nuna a gona babu masu girbi. Tumaki da shanu suna yawo babu makiyayi. Iyayen ƙasa suka tara dabbobin matattu da yawa, har dabba ta rasa daraja a kasuwa.

Majalisar ƙasa da za ta zauna a watan Janairu na 1349 aka fasa ta don tsoron ciwo. Amma masu karɓar haraji ba su fasa fita ba.

Kason ƙauye ba ya mutuwa

Ga yadda harajin yake. Da can ana kimanta dukiyar kowane mutum, wato dabbobinsa da hatsinsa da kayansa. Mutumin ƙauye ya ba da kashi ɗaya cikin 15, mutumin birni kashi ɗaya cikin 10. A 1334 gwamnati ta gaji da wannan kimantawa. Sai ta yanka wa kowane gari kasonsa, aka rubuta a littafi. Daga ranar, duk lokacin da aka kira haraji, kowane ƙauye ya kawo abin da aka rubuta masa. Yadda za su raba tsakaninsu, wannan ruwansu ne. In an tara na ƙasa duka yana kai wajen fam dubu 38.

Sarki Edward yana yaƙi da Faransa tun 1337, yaƙi kuwa cin kuɗi gare shi. A farkon 1348, kafin ciwo ya iso, majalisa ta yarda a karɓi wannan haraji shekara uku a jere. To, ciwo ya zo a tsakiya. Ba a soke ba, ba a sake lissafi ba.

Ku duba abin da wannan yake nufi. A ce ƙauye mai gida 40 kasonsa sule 40 ne, kowane gida sule ɗaya. Ciwo ya zo ya rufe gida 20. Littafi bai san mutuwa ba, har yanzu sule 40 yake nema. Gida 20 da suka rage sai su biya sule biyu biyu. Wanda ya binne matarsa da ƴaƴansa jiya, yau zai biya nasa, ya biya na maƙwabcinsa da ke kabari.

Akwai wani ƙauye kusa da Oxford mai suna Tilgarsley. A 1359 masu karɓar haraji suka kai rahoto cewa ba su samo komi a can ba, domin tun 1350 babu mai zama a garin. Shekara tara ke nan babu hayaƙi a ƙauyen, amma sunansa yana nan cikin littafi da kasonsa.

Dokar lada

Ga wani abu da ba wanda ya zata. Da mutane suka ragu, ma'aikaci ya yi tsada. Gonaki sun yi yawa, hannuwa sun yi kaɗan. Ɗan barema da a da yake roƙon aiki, yanzu masu gona ne suke roƙonsa. Ya ce sai an ninka masa lada, kuma da abinci mai kyau. In an ƙi, ya wuce gaba, wani zai biya. Karo na farko ke nan da talakan Ingila ya sami bakin magana.

Masu gonaki su ne ƴan majalisa, su ne alƙalai. Ba su ɓata lokaci ba. Ran 18 ga Yuni 1349, ana tsakiyar binne mutane, sarki ya fid da doka. Duk mai lafiya da bai kai shekara 60 ba, in ba shi da gona ko sana'ar da ta riƙe shi, dole ya yi aiki ga wanda ya neme shi. Ladan kuwa na kafin annoba, ba ƙari. An kuma hana ba mai lafiya sadaka, don yunwa ta kora shi gona.

A 1351 majalisa ta ƙara wa dokar ƙarfi, ta rubuta ladan kowane aiki. Mai tara ciyawa, kwabo ɗaya a wuni. Mai girbi, kwabo biyu a makon farko na Agusta, daga nan taro. Babban kafinta, taro. Babban magini, kwabo huɗu. Aka ce kowane gari ya tanadi turu na ɗaure ƙafar wanda ya ƙi. A 1361 ma aka ƙara cewa wanda ya gudu daga aiki ana iya yi masa lalas a goshi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dabarar da suka yi a 1352. Ƙauyuka suna kuka cewa haraji ya fi ƙarfinsu. Gwamnati ta ce to, za a sassauta. Amma ba daga baitulmali ba. Tarar da aka ci ma'aikatan da suka karɓi lada fiye da doka, ita za a zuba cikin kason gari, a rage wa masu biya. A lardin Essex kaɗai, a shekarar 1352, an ci tarar mutum fiye da dubu 7 da ɗari 5. Kuɗin ya biya fiye da rabin harajin lardin. Wato an cire daga aljihun ɗan barema an rage wa mai gona nauyi, sarki kuwa kuɗinsa bai ragu da kwabo ba. Wanda ya tsara wannan ya san lissafi, ba shakka. Ku riƙe sunan Essex, za mu komo gare shi.

Duk da haka dokar ba ta iya tsai da lada ba. Mai gonar da hatsinsa zai lalace ba ya tuna doka. Sai ya biya a ɓoye, ko ya ƙara da nama da tufa. Shi da ya kafa dokar a majalisa, shi yake karya ta a gonarsa.

Shekarun sauƙi, da gwamnatin da ba ta san ƙasarta ba

A 1356 sojan Ingila suka kama sarkin Faransa a fagen yaƙi. A 1360 aka yi sulhu, Faransa ta yarda ta fanshi sarkinta da kuɗi mai yawa. Ga kuma kuɗin duwan da ake karɓa a kan gashin tumaki da ake fitarwa waje, wanda shi ne babbar rijiyar gwamnati. Saboda haka wajen shekara goma ba a nemi haraji daga ƙauyuka ba. Amma ciwo bai huta ba. Ya komo a 1361, ya fi ɗibar yara. Ya sake komowa a 1369 da 1375.

A 1369 yaƙi ya sake tashi, wannan karo kuwa Ingila ce take shan kashi. A 1371 aka nemi fam dubu 50. Manya suka zauna suka ce ai unguwannin majami'u na ƙasar sun kai dubu 45, kowace ta kawo sule 22 da taro. Da aka fita karɓa sai aka tarar ba su wuce dubu 8 da ɗari 6 ba. Dole aka mai da kason kowace unguwa sule 116. Shekara 23 bayan annoba, masu mulki ba su san yawan garuruwansu ba, balle yawan mutanen da suka rage.

Lanho ya shigo

Masu dukiya suna ganin ɗan barema ya sami kuɗi, yana cin gurasar alkama, yana sa tufa mai kyau, amma harajin dukiya bai cika taɓa shi ba tun da ba shi da gona. Suka ce a kawo harajin da zai hau kan kowa. A farkon 1377 aka sa kuɗin kai, irin wanda muke kira lanho: kwabo huɗu a kan duk wanda ya kai shekara 14, namiji ko mace, sai dai almajirin da ke bara. Aka rubuta mutum wajen miliyan ɗaya da dubu 355. Aka sami wajen fam dubu 22.

A shekarar nan sarki Edward ya mutu. Jikansa Richard na Biyu ya hau gado yana ɗan shekara 10. Mulki yana hannun manyan fada. Jiragen Faransa kuwa suna zuwa suna ƙone garuruwan bakin teku. Talaka yana tambaya, ina kuɗin da muka biya don a tsare mu?

A 1379 aka sake sa lanho, amma wannan karo kowa da gwargwadon ƙarfinsa. Baffan sarki, wanda ya fi kowa dukiya, ya biya fam 6 da sule 13 da kwabo huɗu. Talaka da matarsa kwabo huɗu su biyu. Wannan ya fi kusa da adalci, sai dai abin da aka tara bai kai rabin abin da ake fata ba.

A watan Nuwamba na 1380 majalisa ta zauna a garin Northampton. Waziri Sudbury, wanda kuma shi ne babban limamin Kirista na ƙasar, ya ce baitulmali babu komi, an ma jinginar da kayan adon sarki, ana bukatar fam dubu 160. Majalisa ta ce wannan ya yi yawa, ta yarda da dubu 100. Ma'aikatan majami'u su kawo kashi ɗaya cikin uku, sauran a ɗora wa jama'a. Aka yanka sule ɗaya a kan duk wanda ya kai shekara 15. Ninki uku ke nan na 1377, kuma lanho na uku cikin shekara huɗu.

An dai rubuta cewa mai ƙarfi ya taimaki mara ƙarfi a kowane gari. A garin da akwai attajiri, wannan ya yi amfani. Amma ƙauyen da kowa talaka ne, wa zai taimaki wa? Sule ɗaya ladan wajen kwana uku ne na ɗan barema. Mai gida da matarsa, da ƴanmata biyu da ba su yi aure ba, da tsohuwarsa, sule biyar ke nan. Kuma an ce a kawo kashi biyu cikin uku a watan Janairu, tsakiyar sanyi, lokacin da babu aikin gona.

Mutum dubu 450 sun ɓace

Talakawa ba su yi gardama ba. Sai suka ɓoye mutanensu. Da mai rubutu ya zo, mai gida ya ce daga shi sai matarsa. Ƴanmata, da zawarawa, da tsofaffi, da barori, duk ba a faɗe su ba. Masu rubutun ma ƴan garin ne, suka kau da kai. Da takardu suka isa Landan aka gwada da na 1377, sai aka ga mutum wajen dubu 450 babu su. Kashi ɗaya cikin uku na masu biya sun ɓace, alhali ba wata babbar annoba da aka yi a shekarun nan huɗu. A waɗansu ƙauyuka takarda ta nuna maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba, abin da kowa ya san ba haka yake ba.

Nan ne gwamnati ta sami damar ta gane cewa kaya ya yi wa jaki yawa. Ba ta gane ba. A watan Maris na 1381 ta aika masu bincike su bi gari gari su ƙidaya mutane, su karɓi abin da aka ɓoye.

Ran 30 ga Mayu wani ma'aikaci mai suna Bampton ya sauka a garin Brentwood cikin lardin Essex, lardin nan da aka ci tarar iyayensu. Ya kira mutanen ƙauyuka uku. Wani Thomas Baker na ƙauyen Fobbing ya tashi ya ce sun riga sun biya, ba za su ƙara ko kwabo ba. Bampton ya ce a kama shi. Mutane suka taso da sanduna da bakuna, Bampton ya gudu Landan.

Cikin kwana kaɗan wuta ta kama Essex da lardin Kent. Mutanen Kent suka sa wani Wat Tyler gaba. Kada ku zaci mayunwata ne kaɗai. Cikinsu akwai masu unguwanni, da masu sana'a, da manoma masu abin hannu. Duk inda suka shiga, takardu suke fara nema: littafin haraji, da littafin da aka rubuta wane ne ke bin aikin gandu. Su tara su a dandali su cinna wuta. Yawancinsu ba su iya karatu ba, amma sun san abin da takarda take yi musu.

Ran 13 ga Yuni suka shiga Landan. Suka ƙone gidan baffan sarki ƙurmus. Washegari sarki Richard, yana ɗan shekara 14, ya fito ya sadu da su a wani fili da ake kira Mile End. Suka roƙi a kashe aikin gandu na dole, kowa ya zama ɗa, kuma galla ta zama kwabo huɗu a kan eka ɗaya. Sarki ya yarda. Aka zaunar da marubuta suna rubuta takardun ƴanci, ana ba kowane gari. Da yawa suka karɓa suka kama hanyar gida.

A daidai lokacin nan waɗansu suka shiga ganuwar sarki. Suka jawo waziri Sudbury da ma'aji Hales, suka fille musu kai. A ranar kuma aka kashe baƙi da yawa, masaƙa da ƴan kasuwa mutanen Flanders da ke zaune a Landan. Su waɗannan ba su sa wa kowa lanho ba. Wannan jini ba shi da hujja, kuma bai kamata mai ba da labari ya tsallake shi ba.

Ran 15 ga Yuni sarki ya sake saduwa da sauran a filin Smithfield. Wat Tyler ya matso shi kaɗai don magana. Gardama ta tashi, magajin garin Landan ya sare shi, ya mutu a ranar. Yaron sarki ya sukwano gaban taron ya lallashe su, ya ja su bayan gari, aka watsa su.

Ran 2 ga Yuli sarki ya soke takardun ƴancin duka. Alƙalai da soja suka bi lardi lardi. Ran 4 ga Yuli aka rataye Thomas Baker, mutumin da ya fara cewa a'a. Ɗaruruwa suka mutu, waɗansu a fagen faɗa, waɗansu a igiya.

A watan Nuwamba na 1381 majalisa ta zauna. Ƴan majalisa da kansu suka ce nauyin haraji da ɓarnar fada suna cikin abin da ya jawo fitinar. Aka yi wa mafi yawan mutane afuwa. Aka rage fita yaƙi Faransa, domin majalisa ta fara ƙin ba da kuɗi. Aikin gandu na dole ba a kashe shi da doka ba. Ya dai yi ta raguwa a hankali, don uban ƙasa da ya matsa wa talakansa sai ya wayi gari gonarsa babu kowa.

Da gwamnati ta sake bukatar kuɗi, sai ta koma ga tsohon littafin 1334, kowane gari da kasonsa. Kuɗin kai kuwa, an yi fiye da shekara 100 ba a sake ɗora wa talakawan Ingila shi ba.